Babi na Shida: Farantin Baƙo da Akushin Gida

Akwai wani faranti da ke jiran baƙo a masaukan da aka gina wa masu yawon buɗe ido a dazuzzukan arewacin Kamaru, kuma wanda ya ci shi a wuri ɗaya ya ci na sauran. Yankan naman sa ne guda, faffaɗa, an soya shi har ya ƙame. Sai soyayyen dankalin Turawa da ya sha mai ya kwanta, sai ɗan koren wake na gwangwani a gefe, sai burodin nan dogo irin na Faransa wanda ya kwana biyu a hanya aka ɗumama shi don a rufa masa asiri. In baƙo ya ce ba ya son nama, a kawo masa kaza. In ya ce ba ya son kaza, a kawo taliya da wainar ƙwai. Takardar jerin abincin tana iya cika shafi biyu, amma da ka ɗora yatsa a kan layi na uku za ka ji yaron da ke hidima ya ce, “Wannan ya ƙare, yallaɓai,” da muryar wanda ya san ba a taɓa ɗora shi a wuta ba balle ya ƙare.

Abin da ke ƙara wa wannan farantin ciwo shi ne ƙasar da ake cinsa a cikinta. Mai kuɗi a aljihu ba ya rasa abin daɗi a kwarin Binuwai. Ga dawa iri-iri, ga gyaɗa da riɗi da masara, ga albasar da ake lodawa a manyan motoci zuwa Yawunde da Duwala. Ga shanun da ake korawa kasuwar Adumri, ga man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke tacewa a Garwa. Ga kuma kifi, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, wadda mu mutanen Najeriya muka fi saninta da ambaliya. Duk waɗannan suna nan cikin tafiyar 'yan awoyi daga teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, amma da ƙyar za ka ga ɗayansu ya tsallake ƙofar masauki a kamannin da aka san shi da su a gida.

Farantin yana da tarihi. Faransawa ne suka fara keɓe waɗannan dazuzzuka, na Binuwai a 1932, na Waza a 1934, kuma gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, ta mai da su biyun gandayen daji na ƙasa a 1968. Na Binuwai ya kai hekta 180,000, na Waza 170,000, na Buba Njidda da ke ƙasar Rai Buba kuwa 220,000. A 1970 aka buɗe makarantar horar da masu kula da namun daji a Garwa, wadda ɗalibai ke zuwa mata daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Baƙin da aka gina wa ɗakunan zagayen nan masu jinka Turawa ne, malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi da ke aiki a Yawunde ko Duwala ko Njamena, da waɗanda jirgi ke saukewa daga Faransa da rani don su ga giwa da zaki da raƙumin dawa. Su aka tsara wa teburin, kuma masu girkin da aka ɗauka mutanen da suka koyi aiki ne a gidajen Turawa, suna yara. Baƙin nan sun ragu, wasu ma sun daina zuwa, amma jerin abincinsu yana nan daram.

Raguwar ba sannu a hankali ta zo ba. A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Ranar 19 ga Fabrairu 2013 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza. An sako su a watan Afrilu, amma ofisoshin jakadancin Turai sun riga sun shafa wa taswirar yankin jan launi. Kicin ɗin da aka saba yana ciyar da mota biyar a rana sai ya koma jiran mota ɗaya a mako. Tun kafin nan ma, karya darajar sefa da rabi da aka yi a Janairun 1994 ta riga ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa a gwangwani ko a kwali. Kayan kuwa hanyarsu doguwa ce: daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan kusan kilomita 280 a mota zuwa Garwa, sannan a bi hanyar burji zuwa daji.

A wani masauki daga cikinsu na taɓa zama da la'asar ina fama da irin naman nan da wuƙa, sai iska ta kaɗo mini wani ƙamshi daga bayan kicin, ƙamshin daddawa da bandar kifi a cikin miya mai tsami. Na bi shi. Kukun wani dattijo ne, da farar hula da tawul a kafaɗa, yana zaune a kan turmi yana fifita da murfin kwali.

“Baba, sannu da aiki. Wannan ƙamshin fa daga ina?”

“Na yara ne, Malam. Ba na baƙi ba ne.”

“To a sammini na yaran mana.”

Ya yi dariya har da tafa cinya. “Haba Malam! Ka biya kuɗin ɗaki, sannan ka ci tuwo? In mai wurin ya ji ai na bar aiki ke nan.”

Da ƙyar na shawo kansa. A gindin wata tsamiya, nesa da idon masu teburi, matar ɗaya daga cikin masu gadin dajin ta kwashe tuwon jar dawa, ta zuba miyar yakuwa, wadda a nan kowa ke kira folere. Ta tafasa ganyen ta kashe kaifin tsaminsa da ɗan ruwan toka, ta dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ciki har ta yi kauri, ta ɓarɓasa bandar tarwaɗa da mijinta ya sayo a hanya. Direbobi da masu gadi da yaron da ya ce mini “ya ƙare” duk suna kewaye da akushi. Miyar tana da tsami da maiƙo da ɗan ɗacin hayaƙi, kuma tuwon da zafinsa, yana ƙamshin dawar da aka surfa a ranar. Ba wanda ya yi magana sai da aka ga gindin kwano.

Bayan mun wanke hannu dattijon ya ba ni labarin naman. Ana kunna injin wuta da magariba, a kashe shi tsakar dare don tattalin mai. Ke nan naman da ke cikin firji yana daskarewa da dare, ya narke da rana, a garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40. In baƙi ba su zo ba sai ya yi kwanaki yana wannan kai da komo. “To ni me zan yi? Sai in soya shi har ya mutu sau biyu. Gara a ce Baba ya kawo nama da tauri, da a ce ya ɓata wa baƙo ciki.” Ya koyi girki a gidan wani Bature ma'aikacin auduga a Garwa, ya san miyar man shanu da miyar madara irin tasu, kuma ya ce in aka ba shi kaya har gobe hannunsa bai manta ba. Na yarda da shi. Amma a cikin maganarsa ta farko amsar take. Ana dafa wa baƙo ne don kada ya yi ƙorafi. Ko ya ji daɗi ko bai ji ba, wannan ba ya cikin lissafi, domin baƙo raɓa ne, gobe da hantsi ya tafi, kuma a daren yau ba shi da wani wurin da zai nufa in ya ture farantin. Daga ƙofar masauki zuwa mai tuwo mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda cikin dajin da ba a yarda a bi shi da dare ba.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne kaɗai ke haifar da wannan. A Amurka, inda kuɗi ba su ne matsala ba, ƙorafi a kan abincin wuraren wasa da shaƙatawa tsohon zance ne: tsada, dogon layi, da ɗanɗanon da bai kai kuɗinsa ba. Tun da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955 irin waɗannan wurare suke ƙoƙarin tattaro ƙasa guda, har ma duniya guda, a cikin shinge ɗaya. A 1966 aka ƙara wa wurin wata unguwa da aka kwaikwayi birnin Niyu Olins, kuma ana sayar da miyar gumbo a cikinta. A Filorida, Epcot da aka buɗe a 1982 yana da rumfunan ƙasashe goma sha ɗaya, kuma Maroko, da aka ƙara a 1984, ita kaɗai ce daga Afirka. A 1998 aka buɗe wani gandun dabbobi a can aka gina masa ƙagaggen gari na gabashin Afirka mai suna Harambe.

Amurkawa kuwa suna da abincin yanki na gaske, wanda mutanensa ke kishinsa kamar yadda Bakatsine ke kishin furarsa. Gumbon Luwiziyana sai an tsaya a kan tukunya ana juya gari a cikin mai har ya yi duhu, sannan a kaurara miyar da kuɓewa, ko da garin busasshen ganyen wata bishiya da suka gada daga ƙabilar Cokto, aikin da kuka ke yi a tukunyarmu. A Tekzas ana gasa naman ƙirjin sa a hayaƙin itace, a kan wuta marar ƙarfi, wuni guda ko dare guda. Shahararrun masu gashin a Ostin mutane na yi musu layi tun safe, in nama ya ƙare su rufe shago, wanda bai samu ba ya dawo gobe. Wurin wasan da ke karɓar fiye da mutum miliyan 15 a shekara ba shi da ikon cewa ya ƙare. Dole abincinsa ya fito cikin 'yan mintoci, iri ɗaya daga safe zuwa dare, kuma kada ya yi wa yaro yaji ko ya ba tsohuwar da ta zo daga wata jiha tsoro. Sai a rage barkono, a rage hayaƙi, a rage duk abin da wani zai iya ƙi, har a wayi gari sunan abincin ne kawai ya rage. Su yawan baki ya kai su nan, masaukan daji kuwa ƙarancin baki, amma tukunyar duka biyun tsoro ne ke juya ta.

Wanda ke son ya ga girkin da babu wannan tsoron a cikinsa, ya je Pitowa ranar Lahadi. Garin yana kimanin kilomita 15 daga Garwa a kan hanyar Marwa, a ƙarƙashin duwatsun Tingilin inda Fali suke zaune tun kafin Fulani su kafa lamidancinsu a ƙarni na 19. Tun hantsi hanya take cika da babura da a-kori-kura da jakuna. Fulatanci ne harshen ciniki, amma kunne zai tsinci Hausa da Faransanci da Larabcin Shuwa, da harsunan Tupuri da Mundang da Giziga da Mafa, jikokin manoman da suka gangaro kwarin Binuwai daga arewa mai nisa tun shekarun 1970 suna neman ƙasar noma. Kowannensu ya zo da tukunyarsa.

Layin 'yan ganye ya ishi mutum karatu. Matan suna zaune a bayan ƙananan tsibi: yakuwa ɗanya da busasshiya, tafasa wadda suke kira tasba, lalo, karkashi, zogale, gasaya, garin kuka, busasshiyar kuɓewa da aka yanka ƙanana. Kusa da su ga daddawa kashi biyu, ta kalwa da ta 'ya'yan yakuwa, wadda warinta ke riga mai ita iso wa mai saye. Mace za ta tsuguna ta ɗauki ganye ta murza a yatsa ta shinshina, ta ce na bara ne, ta ajiye ta yi gaba. A layin hatsi ana bambanta dawar damina da masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari. Ita ba a shuka ta da ruwan sama. Ana rainon irinta a ƙarshen damina, in ruwa ya janye daga baƙar ƙasar fadama mai laka, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai a huda rami da turke a dasa, a zuba ɗan ruwa, shi ke nan. Danshin da ƙasar ta riƙe shi zai kai ta har girbi a Janairu ko Fabrairu. Masu ci sun san tuwonta daban yake, kuma suna biyan bambancin.

Daga can gefe hayaƙin mahauta ke tashi. Yawancin wannan sana'a a arewacin Kamaru tana hannun Hausawa tun zamanin fatauci, lokacin da ayari ke shigowa ƙasar Adamawa neman hauren giwa da goro, kuma ita ce ta bi su har unguwar Birketeri ta Yawunde, inda duk ɗan kudu ya san inda zai je in yana marmarin tsire. Na tsaya kan wani mai kilishi ina kallon hannunsa. Yana ɗaukar tsokar cinya ya riƙa warware ta da wuƙa, a hankali, har ta zama shimfiɗa guda da ake iya hango hasken rana ta cikinta. Ya baza a kan gadon kara ta sha rana, ya tsoma ta a labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, ya sake shanyawa, sannan ya nuna mata wuta kaɗan. Ba firji, ba injin wuta. Wannan naman zai yi makonni a jaka bai ce komai ba, a ƙasar da naman masauki ke lalacewa tsakanin magariba da magariba. Maganin matsalar da ta hana dattijon can barci yana nan a kan gadon kara, mahauta sun san shi tun kakanni.

Sai masu waina da masu ƙosai da masu fanke, sai matan Mbororo da ƙoren nono da dakkere, wato dambun gero da ake damawa da kindirmo, sai kunun gyaɗa mai tsamiya da ake sha da zafinsa. Akwai ma mai shayin da zai soya maka wainar ƙwai da taliya a ciki ya cusa a burodi, abin da za ka samu a kowane gari na Kamaru, kuma in da sabon burodi ne ba laifi. A bakin kasuwa, can nesa da masallaci, akwai rumfunan bilbil, burkutun jar dawa, inda waɗanda addininsu bai hana su ba suke wuni. Ban shiga ba, amma wanda ya ce zai ba da labarin dawar ƙasar nan ya tsallake su bai faɗi gaskiya duka ba.

Wata mai tuwo da na zauna a bencinta, dattijuwa mai kaifin baki, ina ci wani direban a-kori-kura ya leƙo tukunya ya ce, “Inna, yau miyar taki ta yi ruwa.”

“Ruwan gidanku! Makon jiya ka ce ta yi kauri.”

Ta faɗa tana ƙara masa gyaɗa daga wata ƙaramar tukunya da ta ɓoye a bayanta. Wannan direban zai dawo Lahadi mai zuwa da ta bayanta, kuma in ta yi masa sakaci sau biyu, ga wata mai tuwon taku goma daga nan. Ta san sunan mahaifinsa, shi kuma ya san ranar da ta sauya mai sayar mata da daddawa. Ba wani jami'in duba abinci da zai iya yi mata abin da bakin wannan mutumin ke yi mata kowane mako.

Duk da haka, ko a Pitowa ba a sayar da mafi daɗin abin da ƙasar ke dafawa. Wannan yana cikin gidaje. A tarbiyyar Fulani cin abinci a bainar jama'a abin kunya ne, babban mutum ba ya tsayawa a kasuwa yana tauna, kuma girkin matar gida na mijinta ne da baƙinsa, ba na sayarwa ba. Saboda haka garuruwa irin su Garwa da Marwa ba su gina al'adar gidan abinci na gargajiya mai daraja ba, inda attajiri zai kai baƙonsa ya yi alfahari. Tuwon kasuwa na matafiyi ne da lebura da gwauro. In Alhaji ya yi babban baƙo, ko dai a fito masa da akushi daga cikin gida, ko a kai shi otal a ba shi farantin Turawa. Babu na tsakiya. Dattijon da ya ce in na ci tuwo zai bar aiki ba raina tuwo yake yi ba, shi ma shi ya ci a daren. A ganinsa karɓar kuɗi mai yawa a hannun mutum sannan a ba shi abin da ake ba almajiri kyauta cin fuska ne.

Akwai kuma abin da tuwon kansa ba ya yarda da shi. Ba ya jira. In aka kwashe shi yana da awa ɗaya ko biyu na ganiyarsa, bayan nan sai ɗumame. Miyar karkashi in ta huce aka sake ɗora ta, yauƙinta ya tafi. Ɗanyar yakuwa da tafasa na damina ne, lokacin da hanyoyin gandun daji suke rufe saboda ruwa, baƙi kuwa da rani suke zuwa, lokacin busasshen ganye. Kicin ɗin da bai san ko mutum biyu ko ashirin zai ciyar yau ba, dankali da taliya sun fi masa sauƙi, tunda ana ɗora su ne bayan an ji ƙarar mota.

Na ji masu cewa gyaran mai sauƙi ne, a sa abincin gargajiya a jerin kawai. Wasu otal-otal na gari sun gwada, kuma abin da na ci a irin waɗannan wurare bai ba ni ƙwarin gwiwa ba. Folere ce aka wanke mata tsami tas, aka cire daddawa don kada ta yi wa baƙo wari, aka sa dunƙulen ɗanɗano na kanti a madadinta, aka kawo ta da farar shinkafar da ta tsallako teku daga Asiya, alhali ana noman shinkafa a Yagwa da Maga a bakin kogin Logon. Gumbon wurin wasa ke nan, an yi masa rawani. Ni dai na fi ganin alamar sauyi a wani wurin daban, wato a irin mutanen da ke zuwa yanzu. Da Turawa suka janye, masu cika ɗakunan sun koma ma'aikatan gwamnati daga Garwa, da 'yan makaranta, da iyalai a hutun ƙarshen shekara. Waɗannan sun san miya. Suna isowa da kulolinsu a bayan mota, an cika su da soyayyun zabi da dambu da waina, su sayi ruwan sanyi kawai a masauki. Mai wurin da ya ga haka sau da yawa zai yi lissafi da kansa.

An ga irin wannan a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, da 'yan wasan Najeriya suka yi wasanninsu a filin Rumde Ajiya na Garwa. Sun ci Masar da Sudan da Gini Bisau, sannan Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya ranar 23 ga wata. Mutanen Yola da Mubi da suka tsallaka kallo, waɗanda na zanta da su, ba wanda ya kawo mini zancen abincin otal. Bayan takaicin ƙwallon, zancensu gasasshen kifin Garwa ne, wanda ake ci da dare a bakin titi: a tsaga ƙarfasa ko giwan ruwa, a cusa mata markaɗen citta da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a gasa a kan gawayi, a kawo da yaji da soyayyar ayaba ko curin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Shi kansa wannan gashin gauraye ne, salon da rogon daga kudu suka hauro, kifin kuwa na Binuwai ne.

Giwan ruwa shi ne abu guda na ƙasar da ya samu shiga jerin abincin masaukai tun zamanin Faransawa, domin tsokarsa fara ce, ƙayarsa kaɗan, ana iya cinsa da wuƙa da cokali mai yatsu. Sai dai ba duk abin da aka rubuta wa sunansa ba ne shi. An taɓa kawo mini wani yanka a ƙarƙashin wannan suna, da na kai baki na ji ƙarnin teku, irin na kifin kwali da ke hawowa daga Duwala a daskare. Babban giwan ruwa yana da masu jiransa tun kafin kwalekwale ya taɓa gaɓa, dillalai masu ƙanƙara da masu banda, wasu na kai shi kudu, wasu na tsallaka da shi Najeriya. Don a ga yadda ake rabon nan sai an kwana a Lagdo, a fita bakin tafki kafin kiran assalatu, lokacin da masuntan da suka zo daga Logon da Cadi da Najeriya suke dawowa da kamun dare.